Batman ɗin wa ya fi ban tsoro? Ni dai na ce na Pattinson

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya da dare na sake kallon The Batman na 2022, karo na uku ke nan, kuma zan faɗi maganar da na san za ta jawo mini jifa: duk cikin waɗanda suka taɓa sa rigar jemagen nan, babu wanda ya kai Robert Pattinson ban tsoro. Ban ce fim ɗinsa ya fi The Dark Knight ba, kada a yi mini ƙari. Maganar tsoro kawai nake yi.

Ku tuna yadda aka fara nuna Batman ɗin. Dare ne, ana ruwa, an haska fitilar jemage a sama. An nuno ɓarawon da ya yi fashi a kanti, an nuno masu fesa fenti a bangon banki. Kowanne ya ɗaga kai ya ga fitilar, sai ya waiwaya ya kalli wani lungu mai duhu, sai gabansa ya faɗi. Alhali babu kowa a lungun! Mutumin bai ma fito ba tukuna, amma gari ya sha jinin jikinsa. Sai can a tashar jirgin ƙasa, 'yan daba masu fenti a fuska sun rutsa wani bawan Allah, ka fara jin takun takalmi daga cikin duhu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zuwa karɓar bashi. Bai yi gudu ba, bai diro daga sama ba. Tahowa kawai ya yi. Da shugabansu ya kawo masa sara, dukan da ya yi masa bai tsaya ba ko bayan ya kai ƙasa. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi, a karo na ukun ma.

To bismillah, wanda yake da ja ya fito.

Sadiq Oga:
Wa alaikumus salam. Yaron Twilight? Haba Ɗan Fagge, ka ci abinci kuwa yau? 😂

Ɗan Fagge:
Na san da kai za a fara. Twilight 2008 aka yi shi Oga, shekara goma sha huɗu tsakani. Ka je ka kalli Good Time ko The Lighthouse ka dawo mu yi magana.

Sadiq Oga:
Ba sai na je ko'ina ba. Ben Affleck na nan. A Batman v Superman na 2016, fitowarsa ta farko ma ta isa. 'Yan sanda biyu sun shiga wani kango, sun tarar da mata a kulle a ƙasa, an buɗe musu ƙofa amma sun ƙi fitowa, saboda abin da ya cece su yana nan a sama bai tafi ba. Ɗan sandan ya hau bene, ya ga mutum ɗaure an yi masa lalas da tambarin jemage a jiki, ya juya a hankali sai ga abu maƙale a kusurwar silin. Ko bindigar ma ta ƙi saituwa a hannunsa. Sannan faɗan sito, inda ya je ceto mahaifiyar Superman. Ya fasa dabe ya fito, ya jefi wani da akwatin katako a ka, ya haɗa kan wani da ƙasa. Ga tsawo, mutum ya haura ƙafa shida, ga ƙirji kamar ƙofar gareji. In ka haɗu da wannan a lungu me za ka yi? Pattinson kuwa in ya cire riga kamar ɗalibin da ya kwana karatu.

Maman Ilham:
Sadiq, ai abin da ka faɗa shi ne amsarka. Affleck ƙato ne, kowa ya san ƙato abin gudu ne. Amma tsoron ƙato tsoron duka ne kawai, ka san abin da zai yi maka. Na Pattinson ba ka san abin da ke ransa ba. Yana tsaye a ɗakin da aka kashe magajin gari, 'yan sanda cike, kowa na hararar sa, shi kuwa ko uffan, ido kawai yake juyawa. Irin mutanen nan ne da in suka shigo gidan suna hira take mutuwa.

Sadiq Oga:
Anti ai shiru ba jarumta ba ce. Nima in aka rufe mini rabin fuska aka ce kar in yi magana zan iya.

Maman Ilham:
Kai? Minti biyu ba za ka yi ba, duk gidan nan shaida ne.

Kawu Mai Rediyo:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Duk wannan cacar da kuke yi a kan Pattinson an yi irinta a kan Michael Keaton kafin a haifi yawancinku. Lokacin da aka ce shi zai fito a fim ɗin Tim Burton na 1989, mutane sun san shi ne da wasan barkwanci, Beetlejuice bai daɗe da fita ba. Wasiƙun ƙorafi dubbai aka aika wa kamfanin Warner, wai za a mayar da Batman abin dariya kamar na Adam West na talabijin a 1966. Ga shi ba dogo ba, ba ƙaƙƙarfa ba. Da fim ya fito kowa ya kama bakinsa.

Mu a kaset muka gan shi, hoton ma duk ya dishe saboda yawan kwafa. Amma har yau ina tuna wajen da ya sauko bayan ɓarayin nan biyu a kan rufin bene suna rabon kuɗi, ya buɗe alkyabbarsa kamar fukafuki. Sun harbe shi ya faɗi, ya sake miƙewa. Ya ɗaga ɗaya a bakin bene, bai yi ihu ba, a hankali ya yi masa magana ya ce ya je ya ba abokansa labari.

Kuma ga wani abin da ba kowa ya lura ba. Rigar robar da aka yi masa a haɗe take daga kai har kafaɗa, ba ya iya juya wuya. In zai kalli gefe sai ya juya jikinsa gaba ɗaya. Nakasa ce ta ɗinki, amma sai ta zama kwarjini, ya koma kamar gunkin da aka hura wa rai. Abin da Pattinson ya yi, jikan wannan ne.

Ɗan Fagge:
Allah ya ƙara girma Kawu. Na yarda Keaton ne tushe. Sai dai fim ɗin Burton kamar tatsuniya yake, garin ma ka san a ɗakin ɗaukar fim aka gina shi. Na 2022 kuwa ƙazantar garin kamar ka taɓa ta da hannu. A Liverpool da Glasgow da Chicago aka ɗauki wasu wuraren.

Kawu Mai Rediyo:
Ai dodon tatsuniya ya fi hana barci, ɗana.

Zee Kaduna:
Ina ta karatu ina jira wani ya ambaci Christian Bale, shiru. Anya kuwa? Batman Begins na 2005 kacokan a kan tsoro aka gina shi. Yaro ya faɗa rijiya jemagu sun razana shi, ya girma ya ce abin da ya tsorata ni da shi zan tsorata mugaye. Ɗaya daga cikin mugayen fim ɗin ma, Scarecrow, hayaƙin tsoro yake fesa wa mutane. Ku tuna tashar jiragen ruwa, tsakanin kwantenoni. Ana ɗauke yaran Falcone, uban 'yan daban garin, ɗaya-ɗaya, fitilu na fashewa, ɗaya yana ta harbi yana ihu yana neman inda yake, ashe yana rataye a bayansa kai ƙasa. Da wajen da ya zarge ɗan sandan nan mai cin hanci ta ƙafa, ya ja shi sama cikin ruwan sama yana sakinsa yana tarewa.

Kuma mutumin nan a 2004 ya yi The Machinist, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, ya zubar da fiye da kilo 25. Cikin 'yan watanni ya mayar da jiki ya zama Batman. Wannan ba wasa ba ne.

Sadiq Oga:
Bale komai ya yi, amma muryar nan fa? Kamar mai ciwon maƙogwaro da ya ƙi shan magani. A na 2012 har in ya rage shi kaɗai a kan bene sai ya yi magana da muryar. Wa kake ɓoye wa kuma?

Zee Kaduna:
😂 Wannan kam ba zan kare shi ba. Amma a na farkon muryar ba ta kai haka ba, daga 2008 ne aka ƙara mata kauri.

Edita:
Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku biki. Ni aikina ke nan, tace hoto da sauti, bikin aure da tallace-tallace da 'yan gajerun finafinai. Abin da kuke ta yaba wa 'yan wasan nan, fiye da rabi ba nasu ba ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ɗan Fagge, takun takalmin da ya tayar maka da tsiga, ba a tashar jirgin aka naɗe shi haka ba. Irin wannan sauti daga baya ake ɗora shi a situdiyo, a ƙara masa nauyi da ɗan ƙarar ƙarfe, shi ya sa yake kama da na kaboyi. Kiɗan da ke bin sa na Michael Giacchino ne, 'yan sautuka huɗu ne yake ta maimaitawa suna ƙara ƙarfi kamar ana buga ƙusa. Duhun kuwa aikin Greig Fraser ne, mai ɗaukar hoton, wanda ya ci Oscar da Dune. Ku duba faɗan da aka yi a wani siririn lungu na cikin gini bayan an kashe wuta. Babu haske ko ɗaya sai walƙiyar bakin bindiga. Kana ganinsa, ya ɓace, ka sake ganinsa ya matso, harsashi na tartsatsi a ƙirjinsa. Wannan dabarar darakta Matt Reeves ce da mutanensa.

Ko wajen motar. Kafin ka ga motar sai da ka ji kukanta a cikin duhu, Penguin, ɗan daban da Batman zai kora, ya tsaya yana zare ido. Bayan ta tsallako ta cikin wuta ta kifar da tasa, aka juya kyamara kai ƙasa, saboda da idon Penguin muke kallo, shi kuma yana kife. Batman na tahowa ƙafa sama, wuta a bayansa. Ka cire kiɗan, ka miƙar da kyamarar, ka kunna fitila. Me ya rage? Wani Bature ne a cikin rigar roba yana tafiya a kan titi.

Ku gwada abu ɗaya: ku kashe sauti ku kalli sin ɗin tashar jirgin.

Ɗan Fagge:
Malam Edita na gwada yanzu. Gaskiya ya ragu, ba zan yi musu ba. Amma bai mutu ba. Ka lura da yadda yake riƙe kai, a ɗan sunkuye, yana kallon mutum ta ƙasan ido? Da yadda ba ya gyara tsayuwa ko an nufo shi? Wannan ba Giacchino ne ya yi ba.

Kuma in kiɗa da duhu ne kawai, me ya sa ba su ceci George Clooney ba a 1997? Kuɗi an zuba, riga an ɗinka.

Edita:
Clooney ai duhun ne ba a ba shi ba, fitilu kala-kala aka kunna masa kamar gidan biki. Hujjata ka ƙara wa ƙarfi. Shi da kansa ya sha ba da haƙuri a kan fim ɗin.

Amma na ba ka ido. Idon nasa ne. Kuma shi ne aka bari muka gan shi da baƙin kwallin bayan ya cire hula, duk ya dame da gumi. A finafinan baya in an cire hular sai kwallin ya ɓace kamar da sihiri. Da ka gan shi haka sai ka gane mutumin ba lafiyayye ba ne, kuma mara lafiyar da ke yawo da dare ya fi ƙato ban tsoro.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Ni abin da Edita ya faɗa na gan shi da idona ta wata hanya. Na fara kallon fim ɗin da Faransanci, muryar wani ce daban amma an bar kiɗan da shirun yadda suke, kuma ya kama ni. Daga baya ƙanena ya turo mini mai fassarar Hausa a waya. Wayyo. Duk inda aka yi shiru sai mai fassara ya cika shi da surutu. Mutum na tahowa daga duhu, shi kuma yana ta yi masa kirari yana zolayar 'yan daban. Mun yi dariya har da hawaye, amma tsoro ko ɗigo babu. Fim na kusan awa uku ya koma wasan yara.

Sadiq Oga:
Kar ka taɓa mana masu fassara, su suka raine mu 😂

Ɗan Maraɗi:
Ban zage su ba ɗan uwa, a fim ɗin Indiya na faɗa suna ƙara armashi. Wannan ne dai bai karɓe su ba.

Malama Hausa:
Na daɗe ina bin ku. Ina ganin kuna haɗa kalmomi biyu da Bahaushe ya raba. Akwai ban tsoro, akwai kwarjini. Ɗan fashi yana da ban tsoro, amma ba wanda zai ce yana da kwarjini. Mai kwarjini in ya shigo za ka gyara zama, ka rage murya, amma ba za ka nemi hanyar gudu ba, wataƙila ma hankalinka ya kwanta da ya zo. Keaton da Kawu ya kawo, kwarjini gare shi. Affleck ban tsoro. Shi kuwa Pattinson, fim ɗin gaba ɗaya labarin mutum ne da yake da na farko yana zaton na biyu ne.

Ɗan Fagge, ka kawo sin ɗin tashar jirgi amma ka tsaya kafin ƙarshensa. Bayan 'yan daban sun watse, wanda aka ceta yana kwance a ƙasa. Godiya ya yi? Roƙonsa ya yi kada ya cuce shi. Daga nan ka san akwai matsala. Tsoron da ya shuka bai san mai laifi da mara laifi ba.

Zee Kaduna:
Malama a dakata, akwai waɗanda ba su kalla ba.

Malama Hausa:
Fim tun 2022, wanda bai kalla ba ya tsallake wannan.

A ƙarshe, bayan Riddler, bos ɗin fim ɗin, ya fasa katangar teku ruwa ya ci gari, Batman ya kama ɗaya daga cikin mabiyansa ya yi ta jibga har sai da ɗan sanda Gordon ya riƙe shi. Da aka cire wa mutumin abin rufe fuska aka tambaye shi ko shi waye, sai ya amsa da sunan da Batman ya kira kansa a tashar jirgi, wato ramuwa. Ku kalli fuskar Pattinson a nan. Baki da ido kawai ake gani, amma ka ga mutumin da aka nuna wa madubi. Shi ma Riddler tun a gidan mahaukata ya gaya masa cewa daga wajen Batman ɗin ya koya, yana ɗaukar su abokan aiki ne.

Sai Batman ya yanke wayar lantarki ya faɗa ruwa, ya kunna sandar jan haske, ya miƙa hannu ga mutanen da ƙarafa suka danne. Kowa ya noƙe, har da zaɓaɓɓiyar magajiyar gari. Wa ya fara kama hannun? Yaron nan, ɗan magajin garin da aka kashe, wanda Batman ya tsaya yana kallo tun farkon fim saboda ya ga kansa a jikinsa. Mutumin da ya buɗe fim yana fitowa daga duhu ya rufe shi yana riƙe da fitila a gaban jama'a.

Ɗan Fagge:
Malama kin gama da ni, kuma kin taimake ni a lokaci guda. Don da bai tsorata mu da gaske a farko ba, noƙewar mutanen nan a ƙarshe ba za ta yi ma'ana ba.

Sadiq Oga:
To ai Affleck ma haka ne. Hadiminsa Alfred ya gaya masa cewa fushi da jin rashin ƙarfi ne ke mayar da mutumin kirki mugu, a ƙarshe ya fasa yi wa Luthor, bos ɗin fim ɗin, lalas.

Malama Hausa:
Haka ne, amma bayan gawa nawa? Kuma me ya sauya shi? Sunan uwarsa da na uwar Superman da ya zo ɗaya. Wannan ni bai shige ni ba har gobe.

Zee Kaduna:
In dai iyakar tsoro ake nema, The Dark Knight ya riga kowa. Ɗakin tambayoyi. Bale ya buga kan Joker da tebur, ya tokare ƙofa da kujera, ya yi ta dukansa, Heath Ledger da ya fito a Joker ɗin na ta ƙyaƙyata dariya. Duk ƙarfin nan ya tashi a banza saboda ya haɗu da wanda ba ya tsoron komai. Kafin nan ma ya sako Maroni, wani shugaban 'yan daba, daga bene ya karya masa ƙafa, Maroni ya gaya masa a fuska cewa mutane sun gane yana da dokar da ba ya ƙetarewa, Joker kuwa ba shi da ita, to wa za a fi tsoro? Allah sarki Ledger, a Janairun 2008 ya mutu fim bai fito ba, Oscar ɗin ma iyalinsa ne suka karɓa.

Kawu Mai Rediyo:
Wannan ita ce matsalar Bale a wajena. Duk wanda ya fito daga wannan fim da bos yake fitowa a kai. Kamar Sholay ne, ka tambayi kowa a zamaninmu, Gabbar zai fara ambata kafin jaruman.

Maman Ilham:
Ni akwai wurin da ya fi burge ni da ba wanda ya faɗa. Lokacin da ya gudo daga ofishin 'yan sanda ya hau can ƙololuwar gini, ya leƙa ƙasa, sai da ya ja da baya ya yi ajiyar zuciya. Shi ma tsoro yake ji! Da ya diro kuma saukar ba ta yi kyau ba, lemar ta maƙale a gada ya daku da mota ya yi ta mirginawa a titi, ya tashi yana ɗingishi. Shekararsa biyu kacal da fara aikin a labarin. Maigidana ya ce wannan ya zubar masa da girma, ni kuwa na ce daga nan na yarda mutum ne.

Sadiq Oga:
Ina bayan Yaya. Batman da ɗingishi? Affleck da katangar zai tafi.

Edita:
Sadiq kai fa ba Batman kake so ba, tirela kake so.

Sadiq Oga:
Na yarda. A ba ni tirela mai kunnen jemage.

Ɗan Maraɗi:
Tunda murya ta shigo zancen, akwai wanda ba a gan shi ba ko sau ɗaya a katun ɗin 1992, Kevin Conroy. Murya biyu yake yi, ta Bruce Wayne, wato Batman in bai sa riga ba, daban, ta Batman daban, ba tare da ya shaƙe kansa ba. Ya mutu a Nuwamban 2022. Ni in ina karanta littafin zanen, muryarsa nake ji.

Ɗan Fagge:
Wannan ba a ja. Pattinson ma ya faɗa a wata hira cewa da farko raɗa-raɗa ya gwada yi, aka ce masa ya bari, bai yi daɗi ba.

Kawu, kai ne babba, a ina ka tsaya?

Kawu Mai Rediyo:
Ban kalli na Pattinson ɗin duka ba tukuna, sau biyu barci na ɗauke ni wajen awa ɗaya da rabi. Wani ya kawo mini wanda ba a fassara ba, in kalla da rana bayan la'asar. Amma kada a turo mini mai nauyi, wayar ta cika da hotunan jikoki.

Zee Kaduna:
Kawu wannan fim in ka kalla da rana a waya ba abin da za ka gani sai fuskarka a gilashi.

Edita:
Gaskiyarta. Kawu ka bari ranar Asabar in zo da kwamfuta da lasifika, mu rufe labule.

Kawu Mai Rediyo:
To Allah ya kai mu. Ka taho da Sadiq, ya zauna a kusa da ni ya yi shirun da ya ce zai iya.